Jiran Takardar Ɗan Ƙasa: Wa Za A Kai Wa Kuka?

A cikin kalmomin Hausa da muke furtawa kullum ba tare da mun tsaya mun leƙa cikinsu ba, akwai kalmar "ɗan ƙasa". Idan mai karanta labarai a rediyo ya ce "'yan ƙasa", yana nufin duk wanda Nijeriya ta yarda nata ne, tun daga Legas har Baga. Amma idan dattijo a Tudun Ƙofa ya ce wane ɗan ƙasa ne, wane kuwa baƙo, ba zancen Nijeriya yake yi ba. Yana nufin wanda kakanninsa suka sari dajin wurin. A darasin ilimin ma'ana, malam zai ce kalma ce mai harshen damo, mu rubuta a littafi mu wuce. To amma a ofishin gwamnati wannan harshen damo yakan ci wa mutum shekarar karatu, ko gurbin aiki, ko kuɗin motar da ya ranto.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, duk wanda ya nemi takardar da za ta tabbatar da cewa shi ɗan ƙasa ne, ta kowace ma'ana daga cikin biyun nan, yana da haƙƙin a faɗa masa ranar da zai sami amsa. In ranar ta wuce, yana da haƙƙin ya yi ƙorafi, kuma kada a ɗauke shi marar kunya don ya yi.

Bari mu fara da ma'ana ta farko. Babi na uku na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kawo hanyoyi uku na zama ɗan Nijeriya: haihuwa, rajista, da kuma nema bayan dogon zama. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, haihuwa a cikin Nijeriya kaɗai ba ta mai da mutum ɗan Nijeriya. Sashe na 25 jini yake bi. Wanda aka haifa a nan bayan 1 ga Oktoba 1960, sai in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Ke nan yaron da iyayensa suka zo daga Maraɗi ko Damagaram, aka haife shi a Keffi, ya yi firamare a nan, bai taɓa taka Jibiya ba balle ya tsallaka iyaka, a idon doka baƙo ne. Hanyar da ta rage masa ita ce ta sashe na 27, kuma mai karatu ya dubi sharuɗɗanta: zaman shekara 15, kyawun hali, ya kasance mai amfanar ƙasa ko wanda zai iya amfanar ta, sannan gwamnan jihar da yake zaune ya gamsu cewa mutanen yankin sun karɓe shi, ya kuma saje da rayuwarsu. Takardunsa za su bi ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, jami'an tsaro su yi bincikensu, a ƙarshe Shugaban Ƙasa ne mai bayarwa.

Ban ga laifin sharuɗɗan ba, kowace ƙasa tana da nata. Abin da na duba na rasa a cikin babin nan shi ne wa'adi. An ƙayyade wa mai nema shekarun da zai jira kafin ya nema, amma ba a ƙayyade wa hukuma ko wata ɗaya da za ta ba shi amsa a cikinsa ba. Abin da muka saba gani shi ne a tara mutane a yi musu biki lokaci guda: a watan Satumba na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba mutum 286 takardar zama 'yan ƙasa, a watan Mayu na 2023 aka ƙara wa wasu 385. Wanda fayil ɗinsa bai shiga ayarin ba, sai ya zauna jiran wani ayarin da babu wanda ya sanar da shi ranar tashinsa.

Akwai kuma wani karkataccen wuri a sashe na 26. Baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya tana iya zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Baƙon da ya auri 'yar Nijeriya kuwa ba shi da wannan ƙofa, sai dai ya bi layin shekara 15. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurin da ya nemi gyara wannan, har mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar. Na bar wa 'yan'uwana mata na wannan sashe su faɗi albarkacin bakinsu a fitowa ta gaba.

Amma gaskiyar magana, yawancinmu ba wannan takarda ce ke hana mu barci ba. Wadda ta dame mu ita ce ta ma'ana ta biyu, wato takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda kowa ke kira takardar indijin. Babu ɗalibin da ke karanta wannan mujalla da bai san ta ba. An tambaye ka ita wajen rajistar shiga jami'a. Za a tambaye ka ita in ka nemi tallafin karatu na jiha, ko aikin soja, ko ɗan sanda, ko kowane aikin gwamnati. Tushenta yana cikin tsarin raba daidai da sashe na 14 ya kawo, wanda aka kafa wa hukuma ta musamman a 1996, domin kada wani yanki ya cinye muƙamai ya bar saura. Niyyar mai kyau ce. Sai dai kundin ya ambaci ɗan asalin jiha, alal misali a sashe na 147 inda ya ce a naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha kuma ya kasance ɗan asalinta, amma bai zauna ya fayyace shekara nawa ko kaka nawa ke mai da mutum ɗan asali ba. An bar wa ƙananan hukumomi 774 kowace ta auna da mudunta. A bisa al'ada, mai unguwa ko dagaci zai shaida ya san gidanku, hakimi ya sa hannu, sannan takarda ta isa sakatariya. A kowane mataki cikin waɗannan ana iya cewa "ka dawo gobe".

Ni dai Hausa ba a nono na sha ta ba. A lungunan Tudun Ƙofa na tsince ta, wajen wasa da aike zuwa kasuwa, kafin in zo jami'a a koya mini nahawunta. A nan aka haife ni, amma takardata sai da na je garin kakannina, garin da ban kwana goma a cikinsa ba tun da nake. Sau huɗu na je wani ofishi da ba zan kama sunansa ba. Zuwan farko aka ce fom ya ƙare. Na biyu, mai sa hannu ya tafi ta'aziyya. Na uku, fayil yana kan teburin oga. Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya ce ba za a ba ni ba, kowa da fara'arsa. A zuwa na huɗu na samu, saura kwana biyu a rufe rajista. Wata da muka yi layi tare, wadda mahaifinta ya rasu tana ƙarama kuma babu wani dattijo da zai tsaya mata, ban sake ganinta ba, kuma ban ga sunanta a cikin waɗanda suka shigo a shekararmu ba.

Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya lura da shi. Da a ce an ce mata "ba za mu ba ki ba, ga dalili", da ta san inda za ta nufa. Tana iya kawo shaida, tana iya zuwa gaba, tana iya zuwa kotu. Amma "dawo gobe" ba ta da ƙeyar da za a kama. Jami'in da ya hana ka a rubuce ya ɗauki alhakin hukuncinsa, sunansa na ƙasan takarda. Wanda ya yi ta ja maka rai har lokaci ya ƙure ya yanke hukunci iri ɗaya, kuma babu inda za a ga sa hannunsa. Shi ya sa nake ganin jinkiri ya fi ƙi muni. Bugu da ƙari, a cikin wannan jinkiri ne cin hanci ke samun wurin zama, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Da zarar layi ya yi tsawo, sai ka ga wani ya matso yana raɗa maka cewa akwai yadda za a yi takardar ta fito yau.

Abin mamaki, tarihin Keffi kansa ya isa ya sa mu sassauta wajen kiran wani baƙo. Abdu Zanga da ya kafa garin a farkon ƙarni na 19, wajen 1802, Bafulatani ne da ya fito daga ƙasar Katsina, kuma masarautar ta daɗe tana bin Zazzau. Garin ya girma ne da fatake da malamai da masu sana'a da suka zo daga wurare daban-daban suka tarar da waɗanda ke yankin tun da can. Ko a zamanin nan ma, dattijon da aka haifa a Tudun Ƙofa a 1950, bai taɓa ƙaura ko da taku ɗaya ba, ya zama ɗan Jihar Arewa, ya zama ɗan Binuwai-Filato a 1967, ɗan Filato a 1976, sannan ɗan Nasarawa daga 1 ga Oktoba 1996. Yana zaune a zaurensa asalinsa na takarda ya sauya sau uku. Yau kuma ga Abuja a maƙwabta, dubban mutane na kwana a Mararaba da Masaka da Keffi suna haifar 'ya'yan da ba su san wani gida ba sai nan. A 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin da zai ba wanda ya shekara 10 a wuri damar zama ɗan asalinsa, suka ya yi yawa, ya janye shi. Ba na cikin masu cewa maganar mai sauƙi ce. Wanda ya san abin da ya faru a Jos a 1994 da 2001, inda naɗin muƙami ya tayar da tambayar wane ne ɗan gari, ba zai yi wasa da ita ba. Ƙananan ƙabilu irin tawa suna da tsoron kada a shanye su a ƙasar kakanninsu, kuma tsoron yana da dalili. To amma wannan muhawara daban, maganar wa'adi daban. Ko wane ma'auni aka ɗauka, a rubuta shi a manna a bango, a kuma faɗi kwanakin da za a ɗauka ana aunawa.

To me ya sa ba mu yin ƙorafi? A nan ma ina ganin harshe yana da abin faɗa. Dubi kalmomin da muke da su: mita, ƙorafi, guna-guni, tsegumi. Kusan dukkansu suna ɗauke da ɗan zargi ga mai yin su. In aka ce wane mai mita ne, ba yabo ba ne. A ɗaya gefen kuma ga haƙuri da tarin karin maganar da ke yabonsa, har da dafa dutse a sha romo. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yaro ba ya tsayawa gaban babba ya tambaye shi dalili. Saboda haka ɗalibi zai tsaya gaban akawu yana murza hannu, yana "don Allah ranka ya daɗe a taimaka", kamar mai roƙon sadaka, alhali aikin da ake biyan akawun albashi dominsa ke nan.

Amma Hausar nan dai ita ce ta ba mu "kai kuka" da "koke". Waɗannan ba su da aibi ko kaɗan. Talaka ya kai kukansa ga mai unguwa, in bai sami biyan bukata ba ya wuce wurin hakimi, har zuwa fada, tsohuwar hanya ce da kowa ya sani, kuma shugaban da ba ya jin kukan talakawansa shi ake zargi. Ke nan wanda ya ce ƙorafi a kan hukuma baƙuwar ɗabi'a ce da boko ya kawo, bai duba rumbun harshen da kyau ba. Abin da ya sauya shi ne wurin kai kukan. Fada kowa ya san ƙofarta, ofis kuwa ba a nuna mana tasa ba.

Ga shi kuwa ƙofofin suna nan. Tun 1975, zamanin Janar Murtala Muhammad, aka kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, kuma Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, shi ne babban kwamishinanta na farko. Tana da ofis a kowace jiha, ba a biyan ko kwabo, ba a bukatar lauya. Dokarta ta ba ta ikon bincikar ma'aikatun tarayya da na jiha da ƙananan hukumomi a kan matakin da ya saɓa wa doka, ko na zalunci, ko wanda ba a yi wa mutum gamsasshen bayaninsa ba. Wanda ta nemi bayani a wurinsa, kwana 30 gare shi ya amsa. Sai dai a kula da abu biyu: ana so ka fara bin hanyoyin da ke cikin ma'aikatar kanta, kuma kada ka bari shekara ta wuce kafin ka kai koke. Rauninta shi ne shawara take bayarwa, ba ta da sandar tilastawa irin ta kotu. Duk da haka, wasiƙa mai tambarin hukuma takan tashi fayil ɗin da ya yi wata shida yana barci.

Akwai SERVICOM da gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2004, mai tebur a ma'aikatun tarayya domin sauraron wanda ba a yi wa aiki yadda ya kamata ba. Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa wa wanda ya nemi bayani a rubuce. Jihohi da dama sun daɗe suna cewa dokar ba ta hau kansu ba, sai a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau. Daga ƙarshe akwai babbar kotu, wadda ke da ikon umartar jami'i ya yi aikin da doka ta ɗora masa. Tambayata ga 'yan ajinmu ita ce, mu nawa ne muka san ko ɗaya daga cikin waɗannan kafin yau? In mu da ke jami'a ba mu sani ba, ina ga mai sayar da rake a bakin tasha?

Wani zai ce ai bincike yana bukatar lokaci, ga iyakokinmu a buɗe, ga matsalar tsaro, ba za a riƙa raba takardar ƙasa kamar goron biki ba. Na yarda. Na kuma san akwai ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke zaune a ofishin da babu wuta, babu takardar bugawa, albashinsa ma bai zo a kan kari ba. Ba shi nake tuhuma ba. Amma ƙasashen da suka fi mu tsananin bincike ba su ɗauki wannan hujjar barin mutum a rataye ba. A Amurka, in aka yi wa mai neman zama ɗan ƙasa ganawar tantancewa, kwana 120 suka wuce ba a yanke masa hukunci ba, doka ta ba shi damar kai maganar kotun tarayya. A Jamus, in hukuma ta yi wata 3 ba ta ce uffan a kan bukatar mutum ba kuma babu ƙwaƙƙwaran dalili, yana iya ƙarar ta a kan shirun kansa. Hasali ma ba sai mun je nesa ba. A watan Mayu na 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, yana riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa, ya sa hannu a kan umarnin da ya wajabta wa ma'aikatun tarayya su bayyana sharuɗɗa da kuɗi da wa'adin kowane izini da suke bayarwa, in wa'adin ya wuce ba amsa a ɗauka an amince. An yi wannan ne domin sauƙaƙa wa 'yan kasuwa. To in an gane cewa jinkiri yana kashe jarin ɗan kasuwa, me zai hana a gane yana kashe shekarar ɗalibi?

Kada kuma wani ya ce wannan matsalar marasa galihu ce kawai. A watan Janairu na 1980 jami'an shige da fice suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, suka tsallakar da shi Chadi a kan cewa mahaifinsa ba ɗan Nijeriya ba ne. Mutumin da jama'a suka zaɓa ke nan. Abin da ya dawo da shi gida shi ne an kai ƙara, Babbar Kotun Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne kuma an tauye masa haƙƙi, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Shi yana da jam'iyya da lauyoyi da jaridu a bayansa. A Ingila ma, a 2018, asiri ya tonu cewa an hana wasu tsofaffi 'yan asalin tsibiran Karebiyan aiki da magani, har an kori wasu, bayan sun shafe kusan duk rayuwarsu a ƙasar bisa halal, don kawai ba su da takardar da za su nuna. Sai da kukansu ya fito a jarida, har sakatariyar harkokin cikin gida Amber Rudd ta sauka daga muƙaminta.

Saura aikin da ya rataya a wuyanmu, mu ɗaliban Hausa. Duk dokokin nan da na ambata da Ingilishi aka rubuta su, fom-fom ɗin ma haka, alhali a jihar nan mai harsuna da yawa, Hausa ce Eggon da Mada da Gwandara da Alago da Bafulatani ke haɗuwa a cikinta in sun zo layi ɗaya. Muna yin kwas na fassara, muna fassara sakin layi daga littafin da aka ba mu don cin jarrabawa. Me zai hana ƙungiyarmu ta ɗauki babi na uku na kundin tsarin mulki da dokar Hukumar Koke-koke ta mai da su Hausa mai sauƙi, shafi biyu ko uku, a kai wa masu unguwanni su ajiye a zaure? Me zai hana mu tsara samfurin wasiƙar koke? Ba ta bukatar dogon Turanci ko zagi. Sunanka, abin da ka nema, ranar da ka miƙa, lambar rasit, ranakun da ka koma da abin da aka ce maka kowane zuwa, da asarar da jinkirin zai jawo maka in ya wuce rana kaza. A yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a sa mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan, ka koma gida da shi.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi 13 na jihar nan da kansilolinsu kuwa, bukatata ba ta cin kasafin kuɗi. Allo ɗaya a ƙofar sakatariya, da Hausa da Ingilishi, mai ɗauke da takardun da ake bukata, kuɗin da doka ta yanka, kwanakin da za a jira, da sunan ofishin da za a je in kwanakin sun cika. Wanda aka hana, a ba shi dalili a rubuce. Majalisar Dokokin Jiha da ke Lafiya tana iya mai da wannan doka a zama ɗaya, kuma zai fi kyau a yi shi kafin lokacin rajistar sababbin ɗalibai ya zagayo.